Ƙafar Motar Ticha

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya, wani lokaci kuma ciwon kai. Mota ta shigo gareji, a jona mata na'ura, na'ura ta faɗi inda ke ciwo, a kwance, a sayo sabo, a ɗaura, a wanke hannu. Shi ya sa kuke cewa kanikanci ba wuya, ƙarfi ne kawai da haƙurin baƙin mai. To ku matso, tunda an ɗauke wuta kuma ba aiki. Ni Dauda na yi shekara fiye da arba'in a ƙarƙashin mota a garin nan na Kafanchan. Gwiwa ta tafi, baya ya tafi, ido ma yana kan hanya. Kuma aikin da ya fi tsaya mini a rai ba wani babban aiki ba ne. Noti biyu ne, na ɗaure su da hannuna, na ɗaure su tam.

Ubangidana Baba Audu tsohon ma'aikacin reluwe ne. A loko, wurin gyaran kan jirgin ƙasa, ya koyi ƙarfe, da ya bar aiki ya kafa rumfa kusa da inda manyan motoci ke lodi. Shekara shida na yi a hannunsa, biyun farko ban riƙe sifana ba sai dai in miƙa. Aikina wanke ƙarafa a kwanon kananzir. Duk abin da aka kwance a juye shi a kwano ɗaya, a wanke, a shanya a kan buhu, kuma dole ka san inda kowanne ya fito. A wurin Baba Audu, yi wa ƙarfe alama da alli ko fenti abin kunya ne, aikin wanda ba shi da kai. Akwatin sifana uku gare shi, na incin Ingila, na incin Amurka, da na milimita. Ka miƙo masa wanda ba shi ba, da shi zai ƙwanƙwasa maka bayan hannu. Ƙa'idar da ya fi dasa mana ita ce ta ƙafar babbar mota. Notin ƙafafun hagu tiredinsa, wato zaren da yake bi ya ɗaure, baya-baya yake, hagu ake juya shi ya ɗaure, na ƙafafun dama kuma dama, don kada gudu ya kwance su. "Hagu da hagu, dama da dama." Haka yake sa mu maimaita har ka riƙa faɗa kana cin tuwo. Allah ya jiƙansa, bai koya mini ƙarya ba. A babbar mota ta wancan zamani haka abin yake.

Na buɗe garejina bayan yaƙi da kaɗan, a ƙarƙashin mangwaro biyu, kuma motoci biyu ne suka yi mini suna. Ta farko ta Alhaji Mamuda ce, ɗan kasuwar garin nan tun kaka da kakanni, mai sayen citta da acca yana turawa arewa. A hannun wani Bature ɗan mishan da zai koma gida ya saye ta. Motar Amurka ce, ruwan ƙasa, doguwa, mai faɗi. In ta shiga layin kasuwa sai an janye tebura. Jama'a suka sa mata Jirgi. Silinda takwas ne da ita, kuma in ka buɗe gabanta kana iya hawa ka zauna kusa da inji ka yi aikinka a inuwa. Sitiyarinta a hagu yake, don haka da ƙasa ta koma tuƙi a hannun dama, Alhaji ya yi wata guda yana gaya wa mutane gwamnati ce ta biyo motarsa.

Aikin farko da na yi mata, sifirin na baya ne ya karye a hanyar Kachia, an danna mata buhunan citta har bamba yana sharar ƙasa. Kayan gyaranta babu a Kafanchan, babu a Jos. Na yanko ganyen sifirin na wata babbar mota da ta mutu, na kai wa maƙeri ya huda, na ɗaura. Ta tashi ta yi tafiyarta, ta ƙara tsawo ma. Bel ya tsinke, na sa mata na injin niƙa. Lagireto ya fara yoyo, na toshe da sabulu har ta kai gida. Duk abin da ka ba ta sai ta karɓa. Aibunta shan mai, kamar ana zubawa a ƙasa, ga birki sai ka yi mata sanarwa tun daga nesa, in ta shiga kwana kuma sai ta kwanta gefe guda har fasinja su haɗu a lungu ɗaya. Amma mota ce mai yafe wa bakanike, ta lalata ni da yafiya.

Ta biyu ta Malam Istifanus ce, ɗan wani ƙauye bayan Manchok. Ya yi karatu a Ingila ya dawo yana koyar da lissafi a sakandare, kowa Ticha yake ce masa. Motarsa a jirgin ruwa ta zo Legas, daga can aka ɗoro ta a tarago har tasharmu, ranar da aka sauke ta rabin gari ya je kallo. Ja ce, kujera biyu, rufin tamfol, ƙasa-ƙasa, in ka zauna ciki hannunka yana taɓa kwalta. Aka sa mata Barkono. Ƙafafunta waya-waya ne irin na keke, kuma ba noti huɗu ko biyar ke riƙe su ba. Noti ɗaya ne ƙato a tsakiya, mai kunne biyu, da guduma ake bugunsa ya ɗaure.

Kwana uku na yi a kan kafiretanta, abin da ke haɗa mata mai da iska, karo na farko da ya kawo ta. Biyu ne da ita, kuma dole su ja iska daidai da juna, in ɗaya ya ɗara ɗaya kaɗan sai ta yi ta tari. Na yanko tiyo na sa a kunne, in saurari wannan, in saurari wancan, in juya sukuru rabin juyi. Ticha yana tsaye a kaina da littafin motar yana karanto mini Turanci.

"Ticha, rufe littafin nan, kana hana ni ji," na ce masa.

Ya rufe. Da ta daidaita muka hau hanyar Kagoro, ya ba ni tuƙi. Gaskiya ban taɓa jin mota ta bi hannuna haka ba. Kafin ka gama niyyar kwana ta riga ta shiga. Na so motar nan fiye da Jirgi, ko da yake ban taɓa faɗa a gaban Alhaji ba.

Shekara biyu ana gardamar motocin nan a inuwar mangwarona. Ma'aikatan reluwe in sun tashi, direbobi, teloli, har wanda ko keke ba shi da shi yana da ɓangare. Su kansu masu motocin shiri suke yi, sai dai tsiya.

"Ticha, abin da ba ya ɗaukar buhu ɗaya, mota ce ko takalmi?" in ji Alhaji.

"Alhaji, taka ai ɗaki ne aka sa wa taya. Ka sa mata labule kawai."

In an tambaye ni sai in ce kowacce da aikinta. Jirgi an yi ta don doguwar hanya da iyali da kaya, Barkono don mutum ɗaya da jin daɗin hannunsa. Ba wanda ke son wannan amsa, sai a ce Dauda ɗan siyasa ne.

Wata ranar Litinin, lokacin girbi, Ticha ya zo da rana tsaka, rumfa cike da mutane. Ya ce, "Oga Dauda, Lahadin nan godiyar kaka ce a cocinmu na ƙauye. Ina so in kai Mama sujada a motar nan."

Na ce, "Ticha, hanyar ƙauyenku ba ta Barkono ba ce. Ari Jirgi, Alhaji ba zai hana ka ba."

"Da noman acca da kiwon aladu Mama ta sa ni makaranta. Shekara biyu tana jin labarin motar ɗanta a bakin mutane. Ba motar aro za ta shiga ba."

"Ni dai na faɗa maka, kuma ga shaidu."

Aka yi dariya, ya bar mini makulli.

Na yi mata abin da muke yi wa kowace mota da za ta shiga burji. Na ɗaga ta kaɗan, na ƙera faranti na ƙarfe na rufe tukunyar baƙin mai don kada dutse ya fasa ta. Ina cikin haka na juya ƙafar gaba na ji boris, ƙwallayen ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kansu, yana kuka. Na ce bari in yi wa mutumin nan aiki cikakke. Na cire ƙafafun gaba biyu, na zare hob ɗinsu, wato ƙarfen da ƙafa ke hawa kansa noti ya ɗaure ta. Na juye duka a kwano ɗaya yadda aka koya mini, na wanke, na sa sabon giris. Da na zo mayarwa na duba, hob biyun iri ɗaya ne sak, bambancinsu tiredi kawai, ɗaya hagu ɗaya dama. Akwai ɗan rubutu a kan notin, amma guduma ta cinye rabinsa, ni kuma ban tsaya karanta sauran ba. Me zan karanta? Hagu da hagu, dama da dama. Na ɗaura, na buga da guduma har hannuna ya yi zafi. Na gwada ta zuwa bakin gari na dawo, ba ƙara ko ɗaya.

Ba na wurin ranar Lahadi, labari aka ba ni. Matan zumuntar coci suna gaba suna waƙa da kwandunan dawa da acca a ka. Barkono tana biye a hankali, an sauke tamfol, Mama Saratu tana zaune da sabon zane tana ɗaga wa mutane hannu. Da suka rabu da ayari suka kama gangaren da ke zuwa coci, sai ƙafar gaba ta dama ta fice, ta wuce su ita kaɗai ta shiga gonar dawa. Mota ta kifa hanci ta faɗa kwalbati. Ticha ya fashe a goshi, tsohuwa kuma ƙugunta ya karye. Allah ya sa Jirgi tana Manchok ranar, Alhaji ya je sayen acca. Wani ya hau keke ya kira shi, Alhaji ya sa aka sauke buhuna a bakin hanya, aka kwantar da tsohuwa a kujerar baya, ta miƙe sosai ba a naɗe mata ƙafa ba. Haka aka kawo ta asibiti.

Gardama ta ƙare ranar. Gari ya yanke hukunci cewa motar Turai ta daki dutse ƙafarta ta karye, ta Amurka ta ɗauko mai rauni. Ticha kuma girman kai ya kai shi, an gaya masa bai ji ba. Ni ne na gaya masa, don haka ni na zama gwani. Duk inda na wuce sai a ce ai Dauda ya faɗa.

Ranar Talata muka ɗoro Barkono a babbar mota muka sauke a gareji. Na duƙa in ga abin da ya karye, ban ga komai a karye ba. Hob lafiya, waya lafiya. Na kama notin ɗaya ƙafar ta gaba, sai ya juya a hannuna ba guduma, saura kaɗan shi ma ya fita. Na zagaya baya, wurin ƙafafun da ban taɓa ba. Na buga na dama, sai na ga tiredinsa hagu ne. Na buga na hagu, dama ne. Wannan irin ƙafa akasin ta babbar mota aka yi ta. A yadda masu ita suka ɗaura, tafiya ƙara ɗaure noti take yi. A yadda ni na ɗaura, tun daga Kafanchan kowane juyin taya kwance shi yake yi. Na zauna a ƙasa a wurin. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Sai na tashi na ja tamfol na rufe motar.

Na yi shiru, kuma shirun ya yi mini riba. Aiki ya yi ta zuwa har ba wurin ajiye mota. Manyan ma'aikata, 'yan kasuwa, masu motar haya, kowa yana son bakaniken da ke ganin haɗari tun kafin ya faru. A can ƙauye kuma, an sallami Mama Saratu ba ta iya tsayuwa, an mayar da ita gida a kwance. Babban ɗanta Ayuba, manomi, ya tara dangi ya ce Istifanus ya karya uwarsu don ya nuna wa ƙauye mota, don haka kada ya ƙara taka gidan. Fasto ya sa baki, dattawan ikilisiya suka sa baki, Ayuba ya ƙi. Tsohuwa tana kwance tana tambayar ɗanta, ana ce mata aiki ya riƙe shi. Duk wannan ina ji, don a rumfata ake ba da labarin. Kirsimeti ta wuce, na ce bari a shiga sabuwar shekara. Ista ta zo, na ce bari zuciyar Ayuba ta huce da kanta. Kullum da safe sai na wuce motar nan a rufe kafin in buɗe akwatin sifana.

Ruwan farko ya sauka da kwana biyu sai ga Ticha a ƙafa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya tsaya har na fito daga ƙarƙashin wata a-kori-kura.

"Oga Dauda, ka nemo mai sayen ƙarfe ya kwashe ta. Ba na son ganinta."

Na ce to.

"Kuma na zo in ba ka haƙuri. Ka gaya mini gaskiya a gaban mutane, na mayar da kai abin dariya. Ka yafe ni."

Ban iya kallonsa ba, na tambaye shi jikin Mama.

"An ce jiki ya yi nisa. Jiya na je, Yaya Ayuba ya tsaya a ƙofa."

Kun ga, na iya jure yabon gari wata biyar, amma haƙurin da mutumin nan ya ba ni ban iya jure shi ba. Na yaye tamfol, na kira shi, na sa hannunsa a kan notin gaba, na sa a kan na baya. Malamin lissafi ne, bai buƙaci dogon bayani ba. Ya daɗe a tsugune. Na zaci zai mare ni, da ya mare ni ma da na ji sauƙi. Abin da ya ce kawai, "Za ka faɗa a gaban Yaya?"

Na san abin da zai biyo baya, kuma ya biyo. Cikin sati guda labari ya zagaye gari, masu motoci suka zo suka kwashe kayansu, wasu da inji a buɗe. Ba kuskuren ne ya kore su ba, kowane bakanike yana kuskure. Wata biyar ɗin ne. Shekara guda cur ina facin tayar keke da gyaran injin niƙa a kasuwannin ƙauye, ni da ake kira daga Jos. Jirgi kaɗai ta ci gaba da zuwa. Alhaji ya ce mini, "Oga Dauda, ka yi abin kunya, ka kuma yi abin kirki, ni ba alƙali ba ne. Duba mini birkin nan." Rumfar da ba ta rabuwa da 'yan gardama ta koma ni da awaki.

Amma ranar dai, na zare hob biyun na sa a buhu, muka shiga motar haya zuwa Manchok, muka ƙarasa da ƙafa. Mun sami Ayuba a ƙofar gida yana gyara ƙotar garma. Da ya ga ƙanensa ya miƙe. Na gaishe shi, na ce ni ne bakaniken, na roƙi ya kira dattawan gidan. Suka zo su uku suka zauna a kan gungume. Na zazzage ƙarafa a ƙasa na fara bayanin tiredi, hagu da dama, babbar mota da ƙaramar mota. Na ga ba wanda ke bina, sai na bari.

Na ce, "Baba, ba hanya ba ce, ba dutse ba ne, ba tuƙi ba ne. Ni na ɗaura ƙafar nan ba daidai ba. Ko a kwalta yake tafiya sai ta fita. Ɗanku ba shi da laifi."

Ayuba ya dube ni. "Yaushe ka sani?"

"Kwana biyu bayan abin."

"Na godiyar kaka?"

"I."

Ya duba ƙarafan da ke ƙasa, ya duba ƙanensa, ya matsa daga bakin ƙofa. Ba wanda ya ce mini in shiga, ba wanda ya ce in tsaya, sai na bi su har ƙofar ɗakin.

Tana kwance a gadon kara, ta ƙanƙance. Ticha ya durƙusa ya kama hannunta, ya yi mata magana da yarensu, ya faɗi sunansa, ya sake faɗa. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta juya wajen Ayuba, ta yi Hausa, irin wadda ake yi wa baƙo don ya ji.

"A ba baƙon nan ruwa. In zai koma Kafanchan, ya gaya wa Istifanus ina nemansa."

Ayuba ya fito ya same ni a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba.

"Har Ista tana gane kowa," ya ce. "Ran Lahadin Ista ma ta sa an ajiye masa cinyar kaza."